Idon Alhaji Bawa

Da sunan Allah nake farawa, shi da ya saukar da cuta kuma bai bar mu haka nan ba. Sunana Alhaji Sale, fatoman goro ne ni a Zangon Agege da ke Legas. Ciwon suga gare ni, irin wanda yake kama mutum da girmansa, kuma ba warkewa na yi ba balle in zo muku da bushara. Lallaɓa shi nake yi, shi ma yana lallaɓa ni. Na ce bari in faɗi yadda muka yi da shi saboda masu teɓa irin tawa ta da, su ji tun jikinsu yana tare da su.

Ga wanda bai san aikinmu ba, fatake ne suke zuwa daga Arewa sayen goro, su sauka a gidanka. Kai ne masaukinsu, kai ne ma'ajinsu, kai ne kuma idonsu. Kai za ka tsuguna gaban kwandunan da Yarabawa suka kawo daga daji ka ce wannan zai kai gida lafiya, wannan kuwa da sankara a cikinsa, wato tsutsar nan da take cinye goro ta ciki ta bar ɗan ɗigo kawai a bayansa. Da rana kuma a fito da babban tire daga cikin gida, ka zauna da baƙinka, kai za ka fara sa hannu. Haka muka tarar iyayenmu suna yi. Baƙon da ya bar dukiyarsa a ɗakinka yana so ya ga abin da ya shiga bakinsa ya shiga naka.

Gidan da yake kallon nawa na Alhaji Bawa ne, kwata ce kawai ta raba mu. Bagobiri ne, da zanensa a kumatu, tare muka tashi muna ɗaure wa iyayenmu huhun goro. Ya fi ni tsawo, ya fi ni faɗi, ya fi ni murya. In ya yi dariya har masu jiran jirgin ƙasa sai sun waiwayo. Ina son sa, wallahi ina son sa, amma tun muna yara duk abin da muka yi tare shi ake gani.

Shekarar da sojoji suka koma bariki abin ya fara mini. Ƙishirwa ce ta fara, irin wadda za ka shanye moɗa ka ajiye ka ji kamar ba ka sha ba. Sai fitsari, ba ni da alwalar da take kai ni wata sallar. Sai kasala, ina cikin ciniki in ji barci yana fizga ta. Na ce zafin Legas ne. Matata Rabi, haifaffiyar Agege ce, Yarabanci a bakinta ya fi nawa nesa ba kusa ba, ita ce ta tare ni wata safiya.

"Alhaji, kiyashi fa suna bin ka."

"Wane irin kiyashi kuma?"

"Duk inda ka tsuguna a bayi sai sun taru. Haka Babanmu ya yi kafin ya kwanta. Gobe sai asibiti."

Na ce ba inda za ni. Ta tsallaka kwata ta kai ƙarata wajen Bawa, shi kuma ya ce ai ko a kafaɗa zai kai ni.

An ce kada in ci komai, don haka da sallar asuba muka hau motar haya ta danfo, ni da ita da shi, zuwa wani asibitin gwamnati ta wajen Ikeja. Kai, layi! Layin yankar kati daban, layin biya daban, layin ɗibar jini daban, kuma kowanne sai ka kusa kaiwa a ce mai aikin ya ɗan fita. Hantsi ya yi, rana ta take, cikina yana kuka, Bawa yana gefe yana ba ni labarin wainar da zai ci in mun koma. Amma in faɗi gaskiya, da muka shiga wurin likita na manta wahalar. Bayarabiya ce 'yar dattijuwa, ba ta da gaggawa. Ta yi bayani da Yarabanci, inda na kasa Rabi ta cike mini. Ta ce jikina ya gaji da sarrafa zaƙi, kuma ba sukarin shayi kaɗai ba ne zaƙi. Tuwon shinkafa, teba, amala, doya, burodi, fura, duk in sun shiga ciki suga suke zama. Ta kama hannuna ta dunƙule shi ta ce, "Alhaji, wannan ne girman tuwonka daga yau. Sauran kwanon ganye da wake da kifi." Na dubi dunƙulen nan nawa, ban taɓa sanin hannuna ƙarami ba ne sai ranar.

Sai ta ɗaga kai ta dubi Bawa da ya cika ƙofa, ta ce shi ma tunda bai karya ba a ɗebi jininsa a gwada. Ya yi ta dariya ya miƙa hannu. Da sakamako ya fito, nasa ya fi nawa hawa.

A danfo muna komawa ya ce, "Kai Sale, ka cika tsoro. Ka manta Bayarabiya ce, ni Bagobiri? Zanena ta gani, wasanmu ne na kaka da kakanni. So take ta hana ubangidanta cin tuwo."

"Bawa, injin gwajin ma wasan yake yi da kai?"

"Injin nata ne, ai sai abin da ta ce."

Abu ɗaya muka yarda a kai kafin mu sauka, kada kowa ya ji. Fatoma ba ya ciwo. Ranar da aka ce jikinka ya taɓu, ranar kowa zai tuna yana da ajiya a ɗakinka. Muna sauka ya sayi burodin Agege mai zafi, irin mai laushin nan da yake lotsawa a hannu, ya yaga ya tura a baki yana kallo na.

Makon farko ƙwayar ta hana ni sakat. Iri biyu aka ba ni, ɗaya tana murɗa mini ciki tana kai ni bayi, na ce wa Rabi wannan magani ne ko horo? Ta koma ta tambayo, aka ce in riƙa shan ta a tsakiyar abinci, sai abin ya lafa. Mako na biyu ƙishirwar ta ragu, na fara kai alwala daga azahar zuwa la'asar. Kuɗi kuwa sai a hankali, ƙwayar wata guda da kuɗin gwaji da na mota sun kusa cin cefanen gidan, kuma aka ce ba ranar dainawa. 'Yan uwa da suka ji ƙishin-ƙishin a cikin gida kowa ya zama likita. Yayata ta aiko da sassaƙen maɗaci daga Kano. Surukata ta ce ruwan shuwaka da safe. Wani ƙanena ya ce fitsarin raƙumi, na ce ya nemo mini raƙumin a Agege tukuna. Rabi ta karɓi kowanne da godiya ta jera a kan kabad, ta ci gaba da ba ni ƙwayata.

Matar nan ta yi jinya, Allah ya saka mata. Ta sa masu motar kayan gwari na kasuwar Mile 12 suna taho mata da acca da alkama. Ta raba ni da shayi mai madarar gwangwani. Ta kora ni tafiya bakin layin dogo kullum bayan asuba. Amma kuma ta zama 'yar sanda, har aljihun rigata take lalubawa, har shinshina bakina take yi in na dawo daga ɗaurin aure.

Duk wannan mai sauƙi ne. Tiren baƙi shi ne ya kashe ni.

Babban baƙona shi ne Baba Mamman na Gusau. Tun zamanin mahaifina yake sauka a gidanmu, tun ana loda goro a taragon jirgi. Inda ya sauka nan sauran fataken ƙasarsu suke sauka. Ranar da aka fito da tiren shinkafa da miyar ja, aka kuma ajiye mini ɗan kwano rufaffe a gefe, sai tsohon ya tsaya da hannunsa a sama.

"Sale, mi ad da shi cikin wanga kwano?"

"Ba komai Baba, ciki ne ya ɗan lalace."

Ya ce Allah ya sawwaƙe. Washegari ma kwano, jibi ma kwano. Suna ci suna satar kallo na, ni kuma ina kare kwanon da hannun riga don kada su ga baƙin tuwon alkama. Daga baya na ji abin da ake cewa. Wasu sun ce kaji nake ci a ɓoye in bar su da shinkafa. Wasu sun ce akwai abin da na san yana cikin tiren. Ga shi kuma na fara zubewa, wuyan riga ya yi mini yawa, kuma shekarun nan in mutum ya rame a Legas sunan cuta ɗaya ake kira, ƙanjamau.

Sai na yi dabara irin ta wawa. Na ce a daina fito da kwanon, na gaya wa baƙi azumin nafila nake yi. Ƙwaya kuwa na sha abata da safe. Likita ta gargaɗe ni cewa ɗayar ba a shan ta a zauna da yunwa, har ta ce in riƙa yawo da sukari mai ƙwaya a aljihu, na ɗauka zancen asibiti ne kawai. Ana gab da la'asar muna gaban kwanduna na ji hannuna yana rawa, gumi mai sanyi ya jiƙa ni, harshena ya yi nauyi. Na zame na jingina da bango. Bawa ne ya tsallako ya tallafe ni yana ƙwala wa Rabi kira. Ta fito a guje ko mayafi babu, ta dama sukari a kofi ta riƙa ba ni ina kurɓa. Kafin a jima na dawo hayyacina, na ga baƙina tsaye sun kewaye ni.

Da yamma na sami Baba Mamman na faɗa masa gaskiya, na ce suga ce. Sai tsohon ya ce:

"Ɗana, na ga matarka da idona. Mai ciwon suga aka ba suga shi tashi?"

Na yi bayani har bakina ya bushe. Ya ce ya ji. Da safe ya nemi ajiyarsa cikin mutunci, ya sa aka ɗauki tabarmarsa da butarsa, ya tsallaka kwata. Kafin wata ya ƙare mutanensa duk sun bi shi. Bawa ya zo ya ce wallahi bai kira su ba, kuma na san bai kira su ba. Amma da ya buɗe baki ya ce shi ma ciwon nan gare shi, da an yarda da ni. Bai ce ba, ni ma ban tona shi ba, alkawari ne.

Daga nan na shiga shekarun da ba na so in tuna. Ina zaune a benci a ƙofar gidana, zaurena fayau, ina kallon nasa a cike. Da rana a fito da tire har biyu, in ga ya naɗe hannun riga ya yanko loma irin tasa. Ƙamshin yana tsallako kwata ya same ni a kan wakena. In ya gama sai a miƙo masa wata jarka da ya saya wajen mai tallar magani a cikin babbar motar haya ta molue, baƙin ruwa mai ɗaci, ya kurɓi kofi ya ce ya wanke sugar, ya ɗora da lemon kwalba. Hassada na yi, ba wani suna da zan sa mata. Ciwo ɗaya, rana ɗaya, likita ɗaya. Ni na bi doka na rasa baƙi da teɓa da suna, shi ya taka doka yana ƙara sheƙi. Da wayar hannu ta shigo shi ya fara saye a layinmu, yana tsayawa a tsakiyar titi yana ihu da mutanen Gusau. Har baƙin tabarau ya fara sawa, aka ce Alhaji Bawa ya zama ɗan gayu.

Na taɓa ce wa Rabi, "Wai ni me na yi wa Allah ne?"

Ta ce, "Ka yi istigfari ka sha ƙwayarka."

Sau ɗaya na yi tawaye. A wani suna na zauna na ci shinkafa da masa na kora da kunun zaƙi, na ce in mutuwa ce ta zo. Kwana na yi ina zarya, da aka gwada ni likita ta cire gilashinta ta yi mini faɗan da tun rasuwar mahaifiyata ba a yi mini irinsa ba. Ta tambaye ni ina babban abokina mai dariya. Na ce yana nan lafiya lau, ya fi ni lafiya. Ta ce, "Ciwon nan ba ya ihu, Alhaji. A hankali yake ci." Na ce a raina, to ni dai ban ga inda ya ci shi ba.

Wata safiya a kakar goro ta shekara ta uku, Baba Mamman ya zo da babban saye, an jere kwanduna tun daga ƙofar Bawa har bakin titi. Ina bencina ina kallo, ina ƙuna. Sai na ji muryar Bawa.

"Sale! Taso mana ka sa mana albarka."

Na ce wato abin har ya kai a kira ni kallo. Na taso don kada a ce na ƙi, na tsuguna kusa da shi. Ya ɗebo goro yana juyawa a hannu, tabarau a fuska. Sai na lura ba goron yake kallo ba, fuskarsa tana ɗan gefe. Ya ɗauko wani fari ƙato, ga ɗigon sankara ƙiri-ƙiri a gindinsa, ya shafa ya ce, "Wannan lafiya lau." Na duba kwandon, na ga wani, na ga wani. Rabin kayan nan ba zai wuce Kwantagora ba sai ya zama gari.

Nan take na gane tabarau ɗin, na gane dalilin da ya sa yake miƙa wa mutane wayarsa su danna masa lamba, na tuna ranar da na ɗaga masa hannu daga nesa bai amsa ba na ce girman kai ne. Ba zan yi muku ƙarya ba, wani daɗi ne ya fara taso mini. Ba sai na ce komai ba. In yi shiru kawai, a ɗaure huhu, a loda, kafin sati biyu Baba Mamman zai dawo da butarsa zaurena.

Sai na ji gwiwarsa ta taɓa tawa. Ya sunkuyo kamar zai gyara kwando, ya ce a hankali yadda ni kaɗai zan ji, "Sale, me ka gani?"

Tunda muke da Bawa ban taɓa jin ya yi magana a hankali ba.

Na ɗauki goron nan na mayar masa a tafin hannu, na kama babban yatsansa na ɗora a kan ramin. Ya ji ramin. Sai ya miƙe ya daka wa Bayarabiyar da ta kawo goron tsawa da muryarsa ta kullum, "Sankara! Iya, wa za ki cuta? A kwashe wannan!" Haka muka bi kwandunan nan ɗaya bayan ɗaya, ina miƙa masa yana yanke hukunci. Da aka gama Baba Mamman ya dafa kafaɗata ya ce, "Ka gani ko, Sale? Idon Alhaji Bawa ba ya kuskure. Ka riƙa zama kusa da shi kana koyo."

Na ce to, Baba.

Da baƙi suka tafi masallaci ya ja ni ɗakinsa ya cire tabarau. Ya ce tun bara hazo yake gani, yanzu kuma duk abin da ya kalla tsakiyarsa baƙi ne. Ya ce ƙafarsa ma kamar ba tasa ba. Ƙaton mutumin nan ya zauna a bakin gado yana share hawaye da hular kansa. Na ce zan riƙa tsallakowa duba goro, amma da sharaɗi biyu, gobe asibiti, kuma ya bar tiren nan.

Muka koma layin asibitin nan dai, wannan karon ni nake riƙe da hannunsa a matakala. Likita ba ta ce ai na gaya maka ba, Allah ya yi mata albarka. Ta ce abin da ya tafi na ido ya tafi, wanda ya rage za a yi ƙoƙarin tsare shi. Ta tura shi wajen masu duba ido, ta ce shi ya wuce ƙwaya kaɗai, sai da allura kullum, kuma ya riƙa sa a duba masa tafin ƙafa kowace rana. Bai yi mata wasan Gobirawa ba.

To ku ji abin da ya ƙarasa ni. Ranar da aka fara fito masa da tuwon alkama, ina zaune ina jiran in ga yadda baƙinsa za su tsargu kamar yadda nawa suka yi. Sai mutumin nan ya buɗe kwanon a gaban kowa ya ce, "Jama'a, Bayarabiya ta ci ni da yaƙi! Suga gare ni, ni da Sale, an hana mu shinkafa. Ku ci naku, mu marasa galihu za mu ci baƙin tuwo." Aka fashe da dariya. Wani ya ce a ɗan san masa ya ji. Baba Mamman da kansa ya gutsura ya ce ai wannan ya fi lafiya, gobe a tuƙa da shi. Ba wanda ya nemi ajiyarsa, ba wanda ya ɗauki buta. Ni na yi shekaru ina cin abin nan a ɓoye kamar ɓarawo, shi rana ɗaya ya mai da shi abin yayi.

Ku da kuke karantawa, in an dunƙule muku hannu an ce ga girman tuwonku, ku yarda. Ku sha ƙwayarku, kada ku sha ta ku zauna da yunwa, kuma ku faɗa wa mutanenku da bakinku tun kafin su ƙirƙiro muku wata cutar. Mai cin tire yana sheƙi kuma kada ya ruɗe ku.

La'ada muna rabawa da Bawa, ba ita ce damuwata ba. Damuwata ita ce har Baba Mamman ya koma ga Allah bai san idon wa yake yabo ba, kuma bai sake kwana a zaurena ba. Bawa ne ya ce in faɗi labarin nan yanzu, tunda ya daina tsugunawa gaban kwando, ya ce in faɗa duka har da tabarau.

Kullum da azahar Rabi tana aiko mana da kwano ɗaya, malmala biyu ƙanana, ganye da yawa, da tsokar kifi guda a tsakiya don mu raba. Ni mai ido ina zaune ina kallo. Shi da ba ya gani, in ya ce bismilla ya miƙa hannu, a kan kifin nan yake sauka.